Turaren Kawu da Madubin Labo

Shekarun baya, ina cikin masu gwada wata na'ura a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a birnin Lyon, wadda za a ɗora wa madubin hangen taurari a sama. Aikinta ganin infraruj, wato hasken da zafi ke fitarwa, wanda ido ba ya gani. Kafin ta gani sai an sanyaya ta matuƙa, kuma duk tururin da ya shiga wurin kan madubanta yake daskarewa. Shi ya sa aka hana mu turare.

Duk Lahadi nakan je Paris gaida kawuna, mai shagon yadi a unguwar Goutte d'Or, wanda ya riƙe ni ina ɗalibi. Ba a barin shagonsa sai ya shafa wa mutum turare a bayan hannu. Wata rana ya miƙo kwalbar gaban abokansa, na janye hannuna.

"Lafiya, ɗana?"

Na shiga bayanin sanyi da tururi, ina yi ina jin kaina kamar mai kare ƙarya.

"Tsaya," in ji shi. "Abin zai hango tauraro, amma turarena zai makantar da shi? Gobe ba za ka yi wanka ba?"

Abokansa suka yi dariya. Shi bai yi ba. Daga ranar gaisuwarmu ta koma "lafiya lau" kawai, ya daina tambayata aiki. A jirgin komawa nakan yi ta juya maganar. Wanka ina yi, safar hannu biyu nake sawa. To me nake tsoro? Na tambayi shef ɗinmu, wato shugabarmu a wurin aiki, ta ɗaga kafaɗa ta ce mai yiwuwa babu komai, mai yiwuwa akwai.

Da aka gama gwaji aka rufe na'urar, na je shagon na miƙa hannu tun daga ƙofa. Ya daɗe yana kallona.

"Madubin ya ba ka izini?"

Na ce ya bayar. Ya shafa mini har gwiwar hannu, ya ce na watannin baya ne.

Yau ina da shekara hamsin, kawu ya rasu. Har yanzu ban san ko na'urar na kare ba, ko kuwa so nake a ga ina aikin da turare ma bai isa ya taɓa ba.