Addu'ar Mama Ta Jawo Mini Aikin Gada

Ana tashi daga coci jiya, maƙwabcinmu Baba Dogara ya riƙe hannuna gam.

"Ɗana, gadar hanyar gonakin cittarmu fa?"

Ni fa ɗalibin digiri na biyu ne. Shirin gwamnati na koyar da shugabanci na nema, na ce Mama ta taya ni addu'a a ɓoye. Ita kuwa ta miƙe gaban jama'a a coci ta ba da shaida, wai ɗanta ya kusa zama babba a gwamnati!

Na ce, "Baba, ko intabiyu ba a kira ni ba. A ƙara haƙuri tukuna."

Ya waiwayi mutane da murna. "Kun ji? Har ya iya maganarsu!"

Da yamma ya aiko da zakara, Mama ta yanka.

Jama'a, in ba a ɗauke ni ba, wa zai ɓoye ni nesa da Kafanchan?