Shawarar Ba'indiya

Mama ba ta son launin rawaya a gidanmu, ko a jikin zane ne. Ɗanta na fari ciwon shawara ne ya ɗauke shi, tun ita da Baba suna Maska, kafin a haife ni. Jikinsa ya yi rawaya, aka yi ta jiƙe-jiƙe, aka kai shi asibitin mishan, bai dawo ba. Tun daga nan, in ɗayanmu ya ce kansa na ciwo, sai ta ja shi cikin rana ta ƙare wa fatarsa kallo.

Bayan samun 'yancin kai Baba ya sami aikin awon auduga a kamfanin gurza na Funtua, muka koma can. A bayan katangarmu injiniyan kamfanin yake zaune, Ba'indiye ne. Matarsa kan yini ita kaɗai, don haka ta manne wa yayata. Yaya na koya mata Hausa, ita kuma tana nuna mata sirrin kwalabenta. Lalle a gashi take sa shi, abin da ya fi ba mu dariya ke nan. Ganyen dogonyaro kuwa, da mu sai zazzaɓi ke tuna mana da shi, niƙawa take yi ta shafa. Hausarta dai tana rarrafe, amma ba ta jin kunyar faɗuwa.

Yaya fara ce, kuma madubi ya fi tukunya saninta. A shekarar nan ƙuraje suka feso mata a fuska, ga Kirsimeti ya ƙarato, ga ta a sahun gaba na mawaƙan coci. Duk ta bi ta hana kanta sukuni, mu ma ta hana mu.

Wata Asabar da la'asar Yaya ta shigo gida tana taƙama. Fuska, wuya, tafin hannu, har farce, duk sun yi rawaya. Mama na bakacen dawa, faifan ya suɓuce mata.

"Wayyo Allah, ya dawo!"

Yaya ta buɗe baki za ta yi bayani, Mama ta danna ta kan tabarma. "Yi shiru, kwanta, kar ki wahalar da kanki!" Kafin ka ce kwabo matan unguwa sun cika tsakar gida. Wannan ta ce a nemo saiwar rawaya, waccan ta ce a tari mota zuwa Zariya. Ni kam kuka nake yi haiƙan, don na riga na sallama Yaya.

Ihun ne ya jawo Ba'indiyar. Ta kutsa cikin mata, ta dubi fuskar Yaya, ta yi murmushin wadda aikinta ya yi kyau, ta dafa ƙirji.

"Mama, ni ba ta shawara. Ni! Shawara mai kyau."

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa!"

Mama ta ɗago kai a hankali. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. "Baiwar Allah, me muka yi miki?"

Nan Yaya ta fizge ta tashi zaune. "Mama, shawara ta baki take nufi, ba ta ciwo ba! Kurkum ne ta kwaɓa min da kindirmo da garin wake, maganin ƙuraje. Na wanke, launin ne bai gama fita ba!"

Mama ta jawo ƙwaryar ruwa. Ta tsoma bakin zanenta a ruwa, ta riƙe haɓar Yaya, ta goga a kumatunta. Rawaya ta fito a jikin zanen. Ta sake gogawa, ta sake fitowa. Mata suka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni ma na ji kamar an sauke mini buhun auduga daga ka, daɗi ya cika ni.

Mama ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Na wancan ma na goge. Na goge har hannuna ya gaji, bai fita ba."

Dariyar ta tsaya. Ba'indiyar ba ta gane maganar ba, amma ta tattare zanenta ta zauna kusa da ita a ƙasan. Mama ta daɗe tana kallon rawayar da ke bakin zanenta, sannan ta sake tsoma shi a ruwa, ta dubi Yaya.

"Kawo ɗaya kumatun."