Takardar Jawo Baƙi Zuwa Bagudo

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ina koyar da zane a wata makaranta a Bagudo. Wani ma'aikaci ya zo daga Birnin Kebbi ya ce sabuwar jiha na son masu yawon buɗe ido, don haka in tsara 'yar takarda mai ninki uku, da hotuna, wadda duk wanda ya gani zai yi marmarin zuwa. Na ce to, na fito ban san ta inda zan fara ba.

Na ari kyamara na shiga zagaye. A Kende na ɗauki gonakin shinkafa, a Lafagu rumbuna. A bakin kogi wani tsoho mai fito ya tambaye ni abin da nake yi. Da na yi masa bayani, sai ya ce:

"Ɗana, su baƙin nan babu ruwa a garinsu ne?"

Na rataya kyamarar na wuce.

Mai buga takardu a garin wani Bayarabe ne da ya daɗe cikinmu. Ya ture hotunan gonakin gefe, ya zaɓi wanda na ɗauka ba da niyya ba: matan ƙasar Benin suna sauka daga kwalekwale da kwandunan busasshen kifi a ka. Ya ce shi za a sa a gaba, domin baƙo hoto yake fara gani kafin rubutu. Na ce ai matan ba 'yan Kebbi ba ne. Ya ce kasuwarmu suka zo, ke nan su ne baƙin. Nan kaina ya ƙara ɗaurewa.

Sai rigimar harshe. Ma'aikacin na son Turanci, mai bugawa ya ce Faransanci saboda iyaka, ni na kafe a kan Hausa. Muka cusa duka ukun har rubutu ya matse hoton.

Aka buga, aka kai wasu bakin iyaka. Bayan 'yan watanni wata mata ta zo makaranta nemana da takardar a hannu, tana magana da Dendanci, wani malami na fassara mini. Ita ce ta gaba a hoton. Na zaci faɗa ya kawo ta, har na fara ba da haƙuri. Ashe ƙari take so, wai tun da takardar ta fita masu saye ke neman rumfarta. Na kwashe ragowar da ke aljihun tebur na ba ta.

Da ma'aikacin ya dawo ya tambaya ko baƙi sun zo, na ce wata mai kifi dai ta zo. Ya ce wannan ba ta cikin lissafi.