Ranar da Teku Ta Zo Gaishe da Tassiou

Shekara uku da suka wuce na dawo Greensboro daga bakin teku sanye da silifas ɗin matata Martha, ja mai fure, dugadugaina a waje. Takalmana na zuwa coci na ajiye a kan yashi na tafi sayen askirim, kafin in dawo teku ta yi awon gaba da su. Mutum ɗaya ne ya gargaɗe ni, na ce masa ya ji da shayinsa. Shi ne Malam Tassiou, Sarkin Ruwan Greensboro, garin da sai ka yi tuƙin awa uku da rabi kafin ka ji warin kifi.

A Tanut ta Nijar aka haife shi, inda guga kan yi tafiya mai nisa kafin ya gaisa da ruwa. Ranar da zai taho Amurka, mahaifiyarsa ta ji an ce sai an tsallaka teku, ta kama kunnensa ta sa ya rantse ƙafarsa ba za ta kai shi cikin ruwan da ya fi ƙarfin guga ba.

Ya samu aikin tuƙa motar dakon kujeru. Wata rana kaya suka kai shi Carolina Beach, ya fito ya ga ruwa iya ganin ido, ya zauna daɓas a kan yashi ya ce, "To, ashe nan aka tara namu." Tun ran nan garin ya shiga ransa. Duk bazara shi ke cika bas da 'yan ƙungiyarmu a titin Gate City Boulevard, 'yan Jos da 'yan Damagaram, kuloli fal da shinkafa, sai "laplaj", kamar yadda yake kiran wurin.

Tun kafin a bar gari yake buɗe tarihin wurin. Wai a zamanin da, a jirgin ruwa mutane suke zuwa, sannan wani ɗan jirgin ƙasa ya ƙarasa da su. Ga Seabreeze can gefe, inda baƙaƙen fata suke shaƙatawa zamanin da aka hana su cuɗanya da Turawa. Ga guguwar da ta yi wa garin aski. Ga dandamalin katako mai lilo da fanke, ga wata ciyawa a daji mai cin ƙuda, wadda ya rantse ta taɓa hararar sa. Har takardar lokutan cikar teku da janyewarta gare shi, a ninke cikin aljihu kamar laya. Ƙungiya ta yaba, ta naɗa shi sarauta da farar hular matuƙin jirgi. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa kantin Walmart.

Haushin takalmana ne ya sa na tambaya a taro, "Jama'a, wa ya taɓa ganin ƙafar Sarki a jiƙe?"

Babu ko ɗaya. Shekara goma sha ɗaya yana kai mu, ko yatsa bai taɓa jiƙawa ba. Nan take Mourtala, wanda ya koyi iyo wata biyu yake yawo da tabaran ruwa a goshi, ya ce shi ya cancanta. Aka yanke: bana ko Sarki ya jiƙe, ko hula ta canza kai.

Tassiou ya shiga uku. Ga rantsuwa, ga hula. Matarsa Fassouma ta ce, "Malam, ka ba su abarsu mana, dama ta yi maka yawa." Sai ya zaro takardarsa yana dubawa.

Ranar tafiya bas ya yi shiru, babu tarihi. Da muka isa ya auna yashi da taku, ya dasa kujerarsa nesa da ruwa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ɗora shayi.

"Ranka ya daɗe, teku tana can!" in ji Mourtala, yana tsalle da ƙafa ɗaya don ruwa ya shige masa kunne.

"Na gan ta. Ita ma ta gan ni."

Shayi na farko, ruwa na nesa. Na biyu, ya matso. Ana zuba na uku sai ga igiyar ruwa ta rarrafo, ta lulluɓe ƙafafun Tassiou har idon sawu, ta koma da baya. Ya runtse ido, yana addu'a, amma bai motsa ba. Mata suka rangaɗa guɗa, Fassouma ta gyara masa zaman hula.

Na ce, "A'a, wannan maguɗi ne! Ai ba ka shiga ba, ruwan ne ya zo."

Ya kurɓi shayi, ya dubi ƙafafuna, ya kira ni da sunan 'yata.

"Baban Rachael, a garinku sarki ne ke zuwa gaishe da talakawa? Ni ta zo ta faɗi ta yi gaisuwa ta koma. Kai kuwa da ta gan ka, haraji ta karɓa."