Mutumin da Aka Sa Ya Riga Bindiga

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har sunayen yaran da na koyar sun fara zame mini, amma abin da wani mai shirya fim ya yi wa yayana a shekarun samun mulkin kai, wannan kam sai dai a binne ni da shi.

Mutumin ba baƙo ba ne, kuma nan ne abin ya fi ƙona ni. Benci ɗaya muka zauna da shi a makaranta a Birnin Kebbi. Gidansu na unguwar Nassarawa, ni kuwa ɗan masunta ne daga Argungu, an kai ni boko don an ga ba ni da wani amfani a ruwa. Yaro ne mai kai, ba zan ci amanar gaskiya ba. Idan motar majigi ta zo gari, mu muna kallon farin ƙyallen, shi yana can baya ya ƙura wa injin ido. Da muka gama na zama malamin firamare, shi ya gangara Ikko, wato Legas, ya shiga wani kamfanin shirya fim. Daga ɗaukar akwati ya kai ga riƙe kyamara, aka tura shi Ingila, ya dawo shi ke cewa a ɗauka ko a bari. Mu a gida sai baza labarinsa muke yi kamar mu muka haife shi.

A ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai sai ga shi da mota da ma'aikata, da kwat da lofe. Ya ce fim zai yi na bikin kamun kifi, duniya ta ga Kabawa da idon ɗan Kabi. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Ga wanda bai san wurinmu ba, akwai yankin gulbi da ake hana su, wato kamun kifi, a cikinsa har shekara ta zagayo. Ranar biki masunta su jeru a gaɓa, kowa da gorarsa da homarsa, wato ragar hannu, ba mai tsoma ko ɗan yatsa sai an harba bindiga. Wanda ya riga bindiga ɓarawo ne, ya saci rabon kowa a gaban kowa. Gara a kama ka da akuyar maƙwabci, don wannan ana mantawa. Abokin nan nawa ya san haka sarai. Tun muna 'yan makaranta nake zuwa da shi biki, a gidanmu yake cin tuwon shinkafa, yayana ke ɗora shi a kafaɗa don ya hangi ruwa.

Yayana kuwa mutum ne mara yawan magana, mai dogon numfashi a ƙarƙashin ruwa. Idan masunta suka yi rigima kan wurin kafa raga, shi ake kira, abin da ya faɗa ya zauna. A bikin shekarar ya shiga tare da kowa bayan bindiga, ya fito da giwan ruwa da sai da mutum biyu suka kama masa.

Washegari da hantsi mai fim ya yi sallama a gidanmu. Ya ce kyamara ta yi nisa jiya, ba a ganin fuskar yayana, yana so a sake. Tunda an sake rufe ruwan biki, sai muka nufi wajen Gulma inda kowa ke su yadda ya ga dama. Ina tsaye a wurin aka fito da wani ƙaton kifi daga bayan mota, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu.

Yayana ya duba kifin, ya duba abokina. "Yanzu da girmana in nutse in kamo kihin da yar riga yam mutu? Ko ɗiyana sai su yi man dariya."

"Yaya, hoto na kawai," in ji mai fim. "So ni ka yi duniya ta ga huskarka."

Aka sa shi ya shiga ruwa shi kaɗai, a hankali, yana waiwayen gaɓa. Ya nutse, ya ɗago mataccen kifi, aka ce ya sake, ya sake. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya fito yana dariya, yana cewa aikin Nasara sai Nasara.

Bayan damina motar majigi ta zo Argungu da fim ɗin. Na taso musamman daga Birnin Kebbi, inda nake koyarwa. Ana idar da sallar isha'i filin kasuwa ya cika, aka ba yayana tabarma a gaba. Hoto ya fito, ga gaɓa, ga masunta jere suna jira, kowa ya fara nuna kansa da ɗan'uwansa ana sowa. Sai ga yayana shi kaɗai yana shiga ruwa yana waiwaye. Sai aka koma kan fuskokin masu jira, idonsu a kan ruwa. Sai ga shi ya ɗago kifi. Bayan nan ne, bayan nan fa, aka nuna mai bindiga ya ɗaga ta ya harba, jama'a suka ruga.

Wani tsoho a bayana ya ce, "Kai, wanga ba ɗan wane na ba? Ashe gaban bindiga yash shiga?"

Yayana ya miƙe tsaye, inuwarsa ta rufe rabin ƙyallen. "Wallahi Gulma ta! Wanga ruwa na Gulma na!"

Wani ya amsa daga cikin taro, "Ruwan Gulma da mutanen Argungu tsaye bisa gaɓa?" Dariyar da aka yi har yau tana kunnena.

Yaran yanzu ba za su gane ba, don kowa ya san ana yanka hoto a manna gaba a baya. A wancan zamani mutanenmu sun ɗauka abin da inji ya gani, ya gani. Za ka ce ai suna wurin ranar biki, ba su ga haka ba? Gaɓar doguwa ce, ga kwana. Na wannan gefe ya ce a can gefen abin ya faru, na can ya ce a nan ne. Kafin sati ya zagayo har an sami masu rantsuwa cewa da idonsu suka gan shi, kunya ce ta hana su faɗa. Na yi bayani har muryata ta dushe, aka ce me ake jira ƙane ya ce? Dattawan ruwa sun kira yayana, ya rantse, sun ce sun yarda. Amma yardar zaure ba ta bin mutum kasuwa. Yara suka laƙaba masa Riga-bindiga. Mai sayen kifi ya ɗaga wanda yayana ya kawo ya ce, "Wanga na gaban bindiga na ko na baya?" Masunta suka daina kiransa sulhu, ba wanda ya ce masa an daina, kawai sai ya ji an yi an gama.

Ana nan, wani Bayarabe mai kantin yadi a Birnin Kebbi, wanda Hausa ta zauna a bakinsa fiye da nawa, ya tare ni ya ce, "Malam, mutuminka ya zaka gaida tsohonai. An ce yanzu shi ad da kamfanin baki ɗai." Na aika Argungu, yayana ya hawo motar kasuwa cikin rigarsa ta Sallah.

Muka zauna a zauren gidan na Nassarawa tun hantsi har aka kira azahar, manyan gari na shiga suna fita. Da aka ce mu shiga, sai na tarar Hausar mutumin ma ta sauya, ta koma irin ta rediyo. Wanda ya kira Yaya a bakin ruwa, yau ya zama "malam".

Yayana ya zauna a ƙasa, ya gaishe shi kamar hakimi. "Ranka shi daɗe, ban zaka don komi ba. Kai kas san inda munka yi hoton ga. Ka taho Argungu ran kasuwa ka hwaɗi da bakinka. An ƙi jin nau, an ƙi jin na ƙanena. Naka za a ji."

Mai fim ya cire lofe daga baki yana murmushi. "Haba malam, ai ɗaukaka ka na yi. Mutum ɗaya ya shiga gaba, al'umma ta biyo shi. Ma'anar mulkin kai ke nan. A Landan da aka zo wurin nan tafi aka yi ta yi."

Na ce, "A Landan an san mece ce bindigar? Kai ka san ta. A kafaɗar mutumin nan ka fara jin ƙararta."

"Ba don Argungu na yi fim ɗin ba," in ji shi.

Jama'a, da wani Bature ne ya manna hoton haka, da na ce rashin sani ne, na yafe. Wannan ya sani. Ya zauna a ɗakinsa da almakashi a hannu, ya ga bindiga, ya ga yayana, ya zaɓi wanda zai zo gaba don ya fi kyau a ido. Na ce to a gyara, a mayar da kowane hoto wurinsa. Ya ce an riga an buga, an rarraba ƙasashe. Na ce to tafiyar Argungu fa, da motar da ke ƙofar gida ko zafin rana ba zai ji ba. Sai a nan ya daina murmushi, ya faɗi abin da ke ransa.

"Ku duba matsayina. In tsaya gaban jama'a in ce wurin nan haɗi ne, kifin ma matacce ne? Labari ya kai Ikko, wa zai sake yarda da aikina? Kamfanin nan kan sunana yake tsaye."

Yayana ya ɗaga kai, a hankali ya ce, "To ni nau sunan hwa?"

Mai fim ya duba agogo, ya sa aka ɗauko wani babban hoto cikin gilashi, yayana tsakiyar ruwa rungume da kifin nan, ya ce kyauta ce, irinsa na rataye a ofishinsa. Ni da zan iya da a kansa zan fasa shi. Yayana ya sa hannu biyu ya karɓa, don shi bai iya mayar da kyauta ba, ya ce, "Allah shi saka." Bai ƙara "da alheri" ba. Mai fim ya ce amin, bai ma lura ba. Hoton kuwa a tashar mota aka bar shi, jingine da bango.

Da biki ya zagayo na zaci ba zai je ba. Ya je, ya tsaya a sahun gaba inda kowa zai gan shi. Aka harba bindiga, mutane suka ruga ta damansa da hagunsa, shi yana tsaye da gora a hammata. Sai da gaɓa ta zama wayam, tsofaffi da masu ɗingishi duk sun shiga, sannan ya taka ruwa. A lokacin an riga an dagula ko'ina, babban kifi ya shiga hannun wasu. Haka ya riƙa yi duk shekara har ƙarfinsa ya ƙare. Mutumin da ba a taɓa fi shi nutso ba, bai sake fitowa da abin da ya wuce na miya ba. Sunan kuma bai bar shi ba, sai ma aka ce tuba yake yi.

Shi kuwa wancan, tauraronsa sai hawa. Ya yi finafinai da yawa, ya horar da yara, aka ba shi lambobin girma, da ya rasu rediyo ya wuni yana yabonsa. Ban ce bai yi aiki ba, ya yi. Na taɓa jin ana hira da shi yana tsufa, aka tambaye shi hoton da ya fi alfahari da shi, ya ce na wani masunci ne a yankinsu da ya shiga ruwa shi kaɗai. Ko sunansa bai tuna ba. Na kashe rediyon, na fita waje don kada in yi saɓo.

Abin da na koya shi ne, wanda ya san inda mutuncinka yake ya fi kowa iya taka shi, kuma gwaninta ba ta wanke zalunci komai tafin da aka yi mata. Duk yaron da ya bi ta ajina ya ce zai riƙe kyamara ko alƙalami, sai na zaunar da shi na gaya masa cewa mutumin da ke cikin hotonsa zai koma gida ya ci gaba da zama da maƙwabtansa bayan an kashe inji. Ranar da muka kai yayana makwancinsa, ina tsaye bakin kabari wani baƙo ya tambayi na kusa da shi wa ya rasu. Aka ce masa, ba da mugunta ba, don dai ya gane, "Riga-bindiga na."