Ƙyallayen Inna da Kuɓewarta

Wata Asabar ce a ƙarshen Janairun 1994, makonni biyu da karya darajar sefa, ina durƙushe a ƙarƙashin teburin yanka a shagon ɗinkin Baba da ke bakin titin unguwar Lalala a Libreville, ina tsintar ƙyallaye ina cusawa a tsohon buhun shinkafa. Shekarata tara. Aikina ke nan duk Asabar tun da na yi wayo: in share shago, in ware duk ƙyallen da ya kai tafin hannu, in kai wa Inna gida. Wata ma'aikaciyar ofis 'yar Gabon, wadda ta daɗe tana kawo wa Baba ɗinki, ta zo karɓar rigarta. Ta gwada a bayan labule, ta yaba, ta biya, har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta ce a ba ta ragowar atamfarta. Baba ya dube ta, ya dube ni. Na zazzage buhun a ƙasa, ta sunkuya da takalminta mai tsini tana tsince nata ɗaya bayan ɗaya, har da wani siriri da bai fi yatsa ba. Ba ta yarda mun haɗa ido ba, mu ma muka kau da kai. Da ta fita, Baba ya daɗe da ƙafa a kan keken ɗinki bai taka ba, sannan ya ce, "Yau kam na yarda kuɗin nan sun mutu."

Da ƙyallayen nan Inna take haɗa bargo. Baƙon da ya sauka Libreville yana sharce gumi zai yi dariya in aka ce masa ana neman bargo a garin, amma daga Yuni zuwa Agusta rana kan ɓuya, iskar teku ta riƙa shigowa ta tsakanin katakon bango da asuba, har ka ji haƙora na haɗuwa. Matan 'yan kasuwar Garwa da na direbobin Nijar duk sun san bargon Inna. Takan wanke ƙyallayen, ta goge su da dutsen guga na gawayi, ta ɗora musu gutsuren kwalin sukari ta yanke su kai ɗaya, sannan ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafafu tana haɗa su da hannu. In fuskar ta kammala sai ta shimfiɗa tsofaffin zannuwa biyu a ƙasa, ta bi duka da ɗinki layi-layi da baƙin zare. Ni ce mai zura mata zare a allura, ni ce kuma mai ware launi. In na miƙa mata ja alhali ja ta gama ɗorawa, sai ta ture hannuna ta ce, "Ja ba ya zama kusa da ja, faɗa suke yi." A shekarar ta fara wani babba wanda ba na sayarwa ba ne. Na mahaifiyarta ne da ke wani ƙauye kusa da Tasawa, ta ce da hannunta za ta kai mata. Sai ga shi ƙyalle ya yi wuya. Mutane suka daina yanka sabon yadi, sai tsofaffin kaya suke kawo wa Baba ya yi musu faci, buhun da nake cikawa ya koma abin da nake ƙullewa a bakin ɗankwali. Bargon Kaka ya riƙa rarrafe, layi ɗaya a wata.

Gidan da muke haya na katako ne da rufin kwano, mai shi wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, muna kiran ta Mama Odil. A bayan ɗakinmu akwai ɗan fili da ya gangara zuwa wani ƙaramin rafi, Inna kuwa 'yar manoma ce, ba ta iya ganin ƙasa a zaune. Duk wanda zai zo daga gida sai ta aika a taho mata da iri a ƙulle cikin tsumma: kuɓewa, yakuwa, rama, alayyafo. Sau ɗaya ta gwada gero. Ya tashi har ya fi Baba tsawo, muna ta murna, amma da ya fid da kai ruwan sama ya dame shi, zangarniyar ta yi baƙi ta ruɓe a tsaye. Inna ta sare shi da adda, ba ta kuma sake neman irinsa ba. Mama Odil ce ta nuna mata yadda ake ɗaga kunya sosai don kada ruwa ya kwanta, da yadda ake soka karan rogo a karkace. Babu mai jin yaren wata, don Faransancin Inna bai wuce gaisuwa da ƙirga ba, amma sai su wuni a sunkuye suna nuni da hannu suna dariya, sai abu ya cije musu su ƙwala mini kira in yi tafinta. Kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, da safe sai na zaga da gwangwani na tsince dodon koɗin da ya kwana yana cin ganye, na barbaɗa toka, na kore kajin Mama Odil. Da can lambun nan abin ɗebe kewa ne. Bayan an karya kuɗi shi ya zama miyarmu.

A lakwal ma iska ta sauya. Yaran da muke tsallen igiya da carafke tare tun ajin farko suka fara ce mini mu koma garinmu, ni kuwa a garin nan aka yanke mini cibiya, ban san Tasawa ba sai a bakin Inna. Wajen ƙarshen shekara rediyo ya fara maimaita cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya yi ta ko ya bar ƙasar. Abin da ke hannun Baba bai isa takarda biyu ba. Na ji suna maganar wata safiya ina wanke-wanke a bakin ƙofa, Inna tana cewa, "Malam, yi taka, kai ne mai fita nema. Ni da nake cikin gida, wa zai gan ni?" Haka aka yi. Daga shigowar 1995 Inna ba ta ƙara taka bakin titi ba. Cefane ya dawo kaina, ɗebo ruwa a famfo ya dawo kaina. Maƙwabta suka riƙa karyar da katifu da tukwane suna nufar tashar jirgin ruwa, layinmu ya yi ta yin shiru ɗaki bayan ɗaki. Azumi ya kama a farkon Fabrairu tare da dawowar ruwan sama, Inna ta goya ƙanena Laminu, wanda ko rarrafe bai fara ba, ta ɗaga kunya huɗu ta shuka kuɓewa. Da safe tana lambu, da rana tana kan bargo. Duniyarta ke nan, daga tabarma zuwa bakin rafi.

Ana cikin goman tsakiya na azumi, wata rana bayan la'asar, baƙin zarenta ya ƙare. Ta aike ni shagon wani mutumin Garwa da ke bakin titi, ta ce, "Ki je ki dawo, kar ki tsaya." Na sayo zaren. A hanyar dawowa na tarar da ƙawayena a filin bayan famfo sun zana 'yar gala-gala, kuma ranar babu wadda ta ce mini baƙuwa, har suka kira ni in shigo. Na ce zagaye ɗaya kawai zan yi. Na cusa zaren a ƙugu, na jefa dutsena, na ci gida ɗaya, na ci na biyu. Filin yana can bayan gidaje, ba a jin abin da ke faruwa a titi. Sai da na ga inuwa ta rufe zanen sannan na tuna da aiken, na kwasa da gudu.

Ƙofar gida a buɗe na same ta. Kunun buɗa-baki ya ƙone a kan murhu, bargo yana kan tabarma da allura soke a jiki, Mama Odil kuma tana zaune a ƙasa dirshan, hannu biyu a ka. Ita ta gaya mini abin da ya faru. Motar jandarma ce ta tsaya a mararraba, aka tare layi ta ko'ina ana tambayar takarda, mutane suna ta gudu. Inna ta leƙa ba ta gan ni ba. Mama Odil ta riƙe mata zani tana nuna mata da hannu cewa yara ba a taɓa su, Inna ta fizge ta fita, babu takalmi, Laminu a baya. "Sunanki take kira," in ji Mama Odil, "Barira, Barira, har bakin titi." Ni ce 'yar farinta, kuma a al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ranar duk Lalala ta ji, ni kaɗai ce ban ji ba.

Sai da aka kwana biyu Baba ya gano inda aka tara waɗanda aka kama, har da Inna, wani fili mai shingen waya kusa da tashar jirgin ruwa. Ya tafi da ni, takardarsa a aljihun gaba yana ta dafa ta. Mun daɗe muna bin shingen kafin mu hango ta zaune a kan kwali tana ba Laminu nono, ƙafafunta da busasshen taɓo. Na yi zaton za ta yi mini faɗa, har so nake ta yi. Ba ta yi ba. Baba ya ce mata wata shida kawai, zai haɗa abin takarda ya aika ta dawo, ya tambaye ta ko a haɗa ta da ni. Ta ce a bar yarinyar nan ta gama lakwal. Sannan ta dube ni ta cikin wayar ta ce, "Kuɓewar nan ta yi yawa a rami, ki rage, ki bar biyu-biyu. Bargon kuma kar a bar shi a ƙasa, danshi zai ci shi." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kafin Salla aka sa su a jirgin Kwatano. Baba bai taɓa tambayata inda na tsaya ranar ba, har ya koma ga Allah, kuma da ya tambaya da na fi samun sauƙi.

Kuɓewar ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Na rage ta biyu-biyu yadda aka ce, ta tashi ta kai ƙirjina, ta yi ta zuba 'ya'ya har muka rasa yadda za mu yi da su. Mama Odil ta riƙa yi mana miya irin tasu, ni da Baba mu zauna gaban kwano mu ɗan taɓa mu tashi. Na yanka sauran na shanya don in aika wa Inna busasshiya, amma rana ba ta tsaya ba, duk ta yi fumfuna na zubar a rafi. Bargon ma na gwada. Ɗinkina ya riƙa karkacewa, nawa da nata kamar ba layi ɗaya ba, na warware na sake har ƙyallen ya fara yagewa, daga nan na ninke shi na sa a akwati. Wata shida ya wuce, aikin shago sai ƙara ja baya yake yi. Sau ɗaya wani direba ya kawo mana kaset da muryarta, tana gaida mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka riga suka tafi, tana tambaya ko rogon bakin rafi ya isa tono. Bazarar da ta biyo baya wani direban ya zo, wannan karon hannu rabbana. Sanƙarau ne ya kama Inna, kwana uku ta yi ta cika. Lokacin da labarin ya iso mana ta yi mako uku a ƙasa. Da na buɗe akwatin bayan sadakar arba'in, gara ta riga ta shiga.

Yau na haura arba'in, ina zaune a unguwar Alibandeng cikin ɗaki biyu da tsakar gida ta siminti, ina sayar da kayan miyan da wasu suka noma. Mama Odil ta rasu, 'ya'yanta sun sayar da gidan, an jera ɗakunan haya har bakin rafin. Baba a nan aka binne shi, bai sake ganin gida ba. Ni kuma har yanzu ina bin layin sabunta takardar zama a garin da aka haife ni, 'ya'yana ina yi musu Hausa suna amsa mini da Faransanci. Sau uku ina shirin zuwa Tasawa, sau uku wata hidima tana cinye guzurin. Laminu a hannun Kaka ya tashi, yanzu magidanci ne, yana kabu-kabu. Mukan yi waya lokaci-lokaci, mu gaisa kamar surukai, maganar ta ƙare da wuri. Kwanakin baya muna tsakiyar gaisuwa sai ya ce, "Yaya, wai Inna doguwa ce?" Na ce masa a'a, gajera ce, tana da wushirya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Na tambaye shi kabarinta, ya ce ya shafe, amma ya san wurin, kusa da wata aduwa ne. Ni na san fuskarta, shi ya san inda take kwance, kuma babu mai iya ba ɗan'uwansa nasa.