Ajuma da Gurbin Gaiwa

An zalunci Ajuma a damanar da ake kwashe maza zuwa aikin dole na hanyar Dogon Dutsi, kuma mutanen ƙauyenta ne suka ƙarasa abin da Nasara ya fara.

Ajuma mai ginin tukwane ce a wani ƙauye kusa da Dumega, a bakin tabkin da ke cika da damina. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ɗaya, Ramatu. Ita ba masunciya ba ce. Yumɓu take ɗiba a gefen tabkin shekara da shekaru, har ƙafarta ta san ƙasan ruwan kamar tsakar ɗakinta. A nan ta san halin gaiwa. Da rani gaiwa na kwance cikin busasshiyar laka kamar matacciya. Ruwan farko na zuba sai ta fito. Namijin ya shiga ciyawa inda ruwa bai wuce gwiwa ba ya haƙa gurbi, macen ta zuba ƙwai ta yi gaba, ta bar shi yana gadi, yana kaɗa wutsiya. Wanda bai sani ba, ciyawa kawai zai gani. Ajuma kuwa takan hango ɗan fili a tsakiya, ruwansa na rawa ba tare da iska ba, sai ta kewaye.

Dole ta kewaye. Tabkin na Doguwa ne, iskar da ke tsaron wurin. Daga ruwan farko har gero ya fid da kai ba mai taɓa kifi. Kowa ya san wanda ya ɗauke gaiwa daga kan ƙwai, Doguwa za ta ɗauke abin da bai riga ya zo duniya ba a gidansa. Ramatu kuwa tana ɗauke da cikin fari.

Wata safiya kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya sauka rangadi a kusa, gardinsa, wato dogarinsa, ya zo a kan doki ya ce Nasara na son ɗanyen kifi kafin azahar. Mai gari ya san dokar tabki sarai. Da ya ce babu kifi yanzu, da an wuce wurin. Amma ya dubi bulalar gardi, ya miƙa yatsa.

"Ga ta can. Ita tas san ɗakin kowane kihi."

"Ranka ya daɗe," in ji Ajuma, hannunta duk yumɓu, "Ramatu hwa?"

Mai gari ya sunkuyar da kai. Gardi ya tambayi wace ce Ramatu, aka nuna masa ita da mijinta Mani.

"Madalla, ga ƙato. Ke tsohuwa, ko kihi ya zo, ko wanga ya bi ni hanya ya hwasa dutsi. Zaɓi."

Mutum nawa suka tafi hanyar nan ba su dawo ba? Ajuma ta ɗaura zane ta shiga ruwa. Ta wuce gurbi na farko kamar ba ta gani ba. Ta wuce na biyu. Gardi ya daka mata tsawa daga gaɓa: "Wanka kika zo yi?" Ta waiwaya, ta ga an riga an ɗaura wa Mani igiya a ƙugu, Ramatu ta dafe ciki ta kasa kuka.

A gurbi na uku ta tsaya. Ta ce wa Doguwa a hankali, "Inna, kin ga ba son raina ba na. In za ki ɗauka, ki ɗauke ni." Ta zura hannu. Gaiwar ta datse mata babban yatsa har ƙashi, ba ta saki ba, Ajuma ma ba ta saki ba. Ta ɗago ta, jini na bin gwiwar hannunta.

Shi ke nan gardi ya gane alamar. Ya kora samarin gari cikin ruwa da bulala, suka bi duk ɗan filin da ke cikin ciyawa, suka tattake ƙwai, suka cika kwanduna. Aka kwance Mani. Da aka kai masauki, kumandan ya leƙa kwando ya ja da baya, ya ce wa ya kawo masa macizai. A bayan masauki aka zubar, ungulu suka ci.

Daga ranar Ajuma ba ta ƙara cin abinci ya zauna mata ba. In Ramatu ta yi tari, sai Ajuma ta zabura. Ta ce bayanta na ciwo, sai Ajuma ta ruga ta zuba nono a bakin tabki. Ko guguwa ta ratsa tsakar gida sai ta rufe ɗiyarta da zane. Haka ta rame har kaka, Ramatu ta haifi 'ya mace lafiyayya, aka sa mata Bilkisu.

Doguwa ba ta taɓa gidan ba. Mutane ne suka taɓa shi. Da aka buɗe tabki ranar su, wato kamun kifin gayya, kifi ya yi ƙaranci, sai mai garin nan da bakinsa ya ce Ajuma ce ta sayar da tabki. Aka hana gidanta shiga ruwa ranar su, aka daina sayen tukwanenta, wai ruwa ba ya albarka a ciki. Sai Matankari take ɗaukar su a ka, inda ba a san ta ba. Ta mutu yatsan nan bai ƙara lanƙwasuwa ba.

Har yau jikokin Bilkisu a gaɓa suke tsayawa ranar su, suna kallon jikokin waɗanda suka tattake ƙwan suna fitowa da kwanduna cike. Ku gidan mai gari, kun san wanda ya miƙa yatsa, don tsofaffinku sun gaya muku. In an buɗe tabki bana, babbanku ya miƙe gaban jama'a ya faɗi sunan Ajuma, ya ce kakanku ne ya nuna ta, sannan ku matsa jikokinta su fara shiga ruwa.